Ntate Lebusa Ya Tashi Giya Daga Barci

Mijina, Ntate Lebusa (a wurinmu Ntate ake kiran uba ko dattijo, Mme kuma uwa), ya yi imani cewa harshe iri biyu Allah ya halitta: nasa, da na sauran jama'a. Shekara talatin da ɗoriya, duk biki ko jana'izar da aka yi a unguwarmu, shi ke fara kai baki ga tukunyar giyar dawa. Zai durƙusa ya rungume ta, ya jujjuya har guggubin da ya kwanta a ƙasa ya taso ya gauraya, ya ɗiba da ƙwaryarsa ya shanye, ya lumshe ido, sannan ya faɗi matar da ta dafa da irin itacen da ta hura. Rabin lokaci ba daidai yake faɗa ba. Sau biyu yana kushe tawa a gaban mutane a zaton ta maƙwabciyarmu Mme Puleng ce. Duka biyun da yunwa ya kwana, amma bai daddara ba.

'Yarmu ɗaya tilo, Seipati, ta bar aikinta a birnin Bloemfontein ta dawo gida, ta kama hayar tsohuwar rumfar tatsar shanu a bakin gari tana dafa giyar sha'ir, irin wadda baƙi masu zuwa kallon duwatsu suke so. A ciki akwai wata baƙa mai ƙarfin tsiya, wadda ta yi wata goma sha takwas a gangar katako kafin a ɗura ta a kwalba. Ita ce Seipati ta shigar a gasar bikin giya na bana. Wanda ya ci, otal-otal ɗin gari za su sayar da tasa shekara guda. Seipati ta faɗa min ƙarara cewa in ba ta ci ba za ta rufe rumfar ta koma birni. Tun ranar da ta faɗi haka, tuwo ya daina yi min daɗi, don na gaji da ganin 'yata sau biyu a shekara.

Alƙalan gasar uku ne, biyu daga birni, ɗaya ɗan gari. Ana saura kwana huɗu likitan da ya saba zama kujerar ɗan gari ya faɗo daga doki ya karye. Kafin Tannie Elsabe, wato Gwaggo Elsabe, mai shirya bikin ta gama shayin safe, mijina yana ƙofarta. Ya dawo gida bakinsa har kunne.

"Maman Seipati, ki gaida alƙali."

"Alƙalin me?"

"Na baƙar giya. Matar nan har ƙwalla ta yi don murna da ta samu irina."

Daga baya na ji cewa awa biyu ya yi zaune a kan matakalarta ya hana ta fita.

Seipati da ta ji, sai ta ajiye cokali. "Ntate, ka taɓa shan baƙar giya kuwa?"

"Giya giya ce. Ko an taɓa ganin wadda ake sha ta kunne?"

"Wannan ta ninka ta dawa sau huɗu a ƙarfi. Kurɓa ake yi a ɗan kofi. Kuma ni ina cikin gasar, mutane za su ce..."

"Ai lamba ake sa wa kwalaben, ba suna. Ni kuwa ko an ɗaure min ido zan gane taki, jinina ne a ciki."

"Abin da nake tsoro ke nan. Don Allah, Ntate, abu ɗaya nake roƙo. Kada ka taimake ni."

"Ji yarinya! Wa ya ce zan taimake ki?" Ya kashe min ido ta bayanta.

Kwana uku ya yi yana kiwon harshe. Ya daina cin barkono, ya daina shaƙar taba, shayi sai ya huce. In zai fita sai ya naɗe bakinsa da mayafina don kada iska ta taɓa harshen. Mme Puleng ta leƙo ta kan katanga ta gan shi.

"Ntate Lebusa, haƙori ne?"

Ya girgiza kai, ya nuna bakinsa, ya nuna sama.

"Maman Seipati, in maganin shiru kika samo, ki sammin nawa mijin."

Ya fizge mayafin. "Mme Puleng, harshen nan dukiyar gari ce!"

"To ka mayar da shi ma'aji, mu huta."

Ranar Asabar, ranar gasar, ya ci ado: bargonsa na fita unguwa, hular kaba mai tsini, da lakataye ja a kan rigar da ba ta da wuya. Ya rataya ƙwaryarsa da igiya. Ni na kafa teburin ƙosan fulawata kusa da rumfar alƙalai don in ga komai. Wajen ƙarfe sha ɗaya, rana ta ɗaga, na hango shi yana fitowa daga ƙaramin tantin baya inda aka ajiye kwalaben gasa. Gumi sharkaf, yana haki, yana murza kafaɗa.

"Baban Seipati, dambe ka yi?"

Ya sunkuyo ya rage murya. "Na cece ta."

"Ka cece wa?"

"Yaran nan ba su san giya ba. Na ɗaga kwalba a hasken rana, me zan gani? Duk ƙarfin ya kwanta a gindi, laka guda, ruwan banza a sama. Haka za su zuba wa baƙi? Na girgiza su. Kowace kwalba sau arba'in."

"Ta Seipati ka girgiza?"

"Ina na san tata? Akwati biyar ne, duk an naɗe kwalaben da takarda. Sai na girgiza huɗu, dole tata na ciki, sauran ukun su ci albarkacinta. Na kuma jawo su bakin rana su ɗan ji ɗumi, an jiƙa su a ƙanƙara kamar gawa."

"Ɗayan da ya rage fa?"

Ya yi wata dariyar mugunta. "Akwati mai lamba huɗu. An cusa gashin tumaki tsakanin kwalaben. Wa ke da tumaki a cikin masu gasar? Wynand! Tasa na bar ta tana barci a cikin ƙanƙara. Ta mutu a can."

Oom Wynand, wato Kawu Wynand, manomi ne mai kiwon tumaki, yana dafa giya a bayan gidansa. Shekara tara da suka wuce ya ce a wurin wata jana'iza wai harshen mijina ba ya bambanta giya da ruwan wankan tumaki. Mijina ya manta ranar aurenmu, amma bai manta wannan ba.

Zan faɗi gaskiya: ni ma giyar dawa na sani, kuma a wurinmu wanda ya miƙo maka ita bai jujjuya ba ya raina ka. Ban ga aibun girgizar ba. Abin da ya tsaya min a rai kawai shi ne an ce kada ya taimaka, ga shi ya taimaka.

Ƙarfe sha biyu aka cika rumfar. Alƙalan birni suka zauna: wani siriri mai suna Mista Govender, sanye da farar riga ƙal, yana ta shinshina hannunsa wai yana wanke hanci, da wata mata mai gilashi da ba ta ce uffan ba duk ranar. Aka ajiye wa kowa ɗan kofi mai ƙafa. Mijina ya ture nasa, ya dire ƙwarya.

"Ranka ya daɗe," in ji Govender, "da kofi muke aiki."

"Ɗana, ina aikin nan tun kana cikin tsumma. Wannan kofin na ɗiga magani a ido ne."

Tannie Elsabe ta ɗauki kwalba mai lamba ɗaya. Irin manyan nan ne masu toshiya ɗaure da waya. Ta fara warware wayar tana magana a lasifika: "Jama'a, baƙar giya ba ta son gaggawa, a hankali ake..."

Fam!

Toshiyar ta ɗauke mata hula ta yi sama da ita. Baƙar kumfa ta yi tsiri har rufin rumfa, ta dawo kan farar rigar Govender. Jama'a suka sa ihu. Mijina ya miƙe tsaye yana tara ƙwarya kamar mai taren ruwan sama.

"Yawwa! Ga giya mai rai! Kun ji gaisuwarta?"

Ya kafa kai ya shanye ƙwaryar tas, don mai fara ɗanɗano ba ya rage saura. Ya dire, ya ɗan yi tangaɗi, ya waiwaya ya kashe wa Seipati ido. Ita kuwa tana tsaye cikin masu gasa, hannu a baki.

Govender ya kalli abin da ya samu a kofinsa, wani ruwan laka mai kauri. Ya kurɓa ya yamutsa fuska. "Yis ɗin gindi duk ya tashi. Ba na jin komai sai ƙullu."

"Ƙullun ai shi ne giyar," in ji mijina. "Rubuta goma."

Kwalba ta biyu, Tannie Elsabe ta yi dabara ta juya bakin waje. Toshiyar ta bi ta kan mutane ta sami kaskon suyata, man ya fantsama, ƙosai uku suka yi tsalle, karen wani Bature ya cafe ɗaya a sama ya saki yana kuka don zafi. Kumfar ta wanke layin gaba, har da Mme Puleng da sabon ɗankwalinta.

"Maman Seipati!" ta ƙwala min kira. "Wannan aikin da hannun mijinki a ciki, na rantse!"

"Ke kika gan shi?"

"Ba sai na gani ba. Duba yadda yake murna!"

Mijina ya shanye ƙwarya ta biyu. "Wannan," ya ce, harshen dukiyar gari ya fara nauyi, "mace ce ta dafa ta. Mace mai uba." Ya sake kashe wa Seipati ido, amma wannan karon idon bai buɗe da wuri ba.

Ta uku, ba wanda ya yarda ya buɗe. Daga ƙarshe wani makaɗin bikin, mai kaɗa akodiyon, ya ce zai gwada in an ara masa hular babur. Govender ya buɗe lema. Matar nan mai gilashi ta ɗauki takardunta ta shige ƙarƙashin tebur. Kwalbar ma ba ta jira an gama kwance wayar ba, ta ƙwace daga hannunsa ta bi tebur tana juyi tana feshi, mijina na bin ta da ƙwarya yana cewa, "Zo nan, 'yar albarka, zo wurin babanki." Lakatayen ya faɗa cikin ƙwaryar, ya matse shi a ciki ya shanye.

Sai aka kawo lamba huɗu, sanyi ƙalau, raɓa na bin jikin takardar, ga ɗan gashin tunkiya maƙale. Layin gaba suka ja kujeru baya. Mai akodiyon ya rufe gilashin hularsa ya murɗa toshiyar.

Kwalbar ta yi ɗan huci, kamar ajiyar zuciya, ta yi shiru.

Tannie Elsabe ta karkata kofi ta zuba a hankali, ta tsaya kafin lakar gindi ta biyo. Giyar baƙa ce, amma da Govender ya ɗaga ta a haske sai ga ja a cikinta, garau, da 'yar kumfa ruwan ƙasa a sama. Ya shinshina ya daɗe. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Matar nan ta miƙo hannu daga ƙarƙashin tebur aka ba ta nata.

"Dabino," in ji Govender a hankali. "Sukarin da ya fara ƙuna. Gahawa can baya. Ƙamshin gangar ya shiga amma bai danne ta ba. Ƙarfin kuma ba ka jinsa sai ya sauka ƙirji. Kai! Wa ya yi wannan?"

Na dubi Seipati. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta, yadda take yi tun tana ƙarama in an yabe ta. Nan take na tuna ranar Alhamis na gan ta da buhun gashin tumaki a bayan mota. Na fara ɗaga wa mijina hannu ina girgiza kai. Ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗago min nasa, sannan ya fizge lasifikar.

"Dabino! Wai dabino! Jama'a, in dabino muke so ai mun san hanyar kanti." Ya kurɓi kaɗan ya furzar. "Wannan gawa ce. Kun ji ta yi magana da aka buɗe ta? Ko tari ba ta yi ba. Wanda ya dafa wannan bai taɓa zama gaban babba ya koyi komai ba. Ba shi da mafaɗi a gidansu! Ruwan wankan tumaki ke nan, ni na faɗa, Lebusa ɗan Ramaili!" Ya nuna Oom Wynand da ƙwarya. "Wani ya ji a jikinsa."

Oom Wynand ya cire lofe daga baki. "Ni kake nunawa, Lebusa? Tawa ba a ma buɗe ta ba."

"Ƙarya kake! Na ga gashin!"

"Gashin da na ba 'yarka ta cusa a akwatinta don kada kwalaben su motsa a hanya? Tawa ce ta biyar."

Kamar kwalaben sun ji an ambace su. Akwatin Wynand ya fi kowanne daɗewa a rana, sai ga shi daga tantin baya: fam! fam! fam-fam! Tantin ya kumbura ya faɗi, baƙar kumfa ta malalo ta ƙarƙashinsa ta bi ciyawa har ƙafafun mutane.

"Aikin shekara biyu!" Wynand ya dafe kai. "Wane la'ananne ne ya taɓa min kwalabe?"

Mai hankali da ya yi shiru. Mijina ya gyara bargo, lasifika na hannunsa har yanzu.

"Ni ne nan. Sau arba'in kowace ɗaya. Da ba don ni ba da duk barci za su..." Ya tsaya. Na ga maganar gashin tumakin ta iso masa sai yanzu, ta bi ta cikin ƙwarya uku kafin ta kai. Ya juya a hankali ya dubi kwalba ta huɗu, ya dubi Seipati. "Wannan... taki ce?"

"Tawa ce, Ntate. Ni ce marar mafaɗin."

Rumfar ta kece da dariya. Mme Puleng har da faɗuwa daga kujera. Ni ban yi dariya ba, don Govender ya rufe littafinsa yana cewa ba za a ba da kyauta a gasar da aka lalata giya huɗu cikin biyar ba. Na ji kamar an ɗora 'yata a motar Bloemfontein a gabana.

Seipati ce ta yi magana. Ta ce kowane mai gasa yana da sauran kwalabe a teburin sayarwarsa waɗanda ba a taɓa ba, a kawo su a sake daga farko, ita ma ba ta son cin da aka yi da hannun babanta. Oom Wynand ya ce ya yarda da sharaɗi ɗaya: a zaunar da Lebusa inda hannunsa ba zai kai ga kwalba ba. Aka kawo min shi, na zaunar da shi a kan buhun fulawa, na taka bakin bargonsa da ƙafa.

Aka sauya lambobi aka sake. Kwalabe biyar suka buɗe lami lafiya. Alƙalan biyu suka yi ta kurɓa suna rubutu, ni kuwa ƙosai na ƙonewa a kasko ban sani ba. Da Tannie Elsabe ta buɗe takardar, ta Wynand ce ta biyu. Ta Seipati ta ɗaya.

Na yi guɗa har muryata ta dushe. Seipati ta ratso mutane ta zo ta rungume ni, sannan ta durƙusa gaban babanta. Ya yi tsamo-tsamo, hular kaba ta karkace, ba ya iya haɗa ido da ita.

"Seipati, ni fa taimako na..."

"Na sani, Ntate. Ka kuwa taimake ni. Tunda aka haife ni yau ce rana ta farko da ka bar abina yadda na ajiye shi. Shi ma don ka zaci na maƙiyinka ne."

Bai ce komai ba. Shekara talatin da shida muna tare, ranar na fara ganin haka.

Shirun bai kai mako ba. Yanzu in ka same shi a wurin biki zai gaya maka cewa cikin akwati biyar, ido rufe, ta Seipati kaɗai ya ware ya ce kada a taɓa. Seipati ta sa wa rumfarta kwaɗo ta ba ni makullin. A jikin kowace kwalbarta kuma akwai zanen wani tsoho mai hular kaba, an rubuta a ƙasa: kada a girgiza. Ya ce zanen bai yi kama da shi ba, amma ya liƙa ɗaya a ƙofar ɗakinmu.

Da Kirsimeti ta ba shi kwalba guda kyauta. Ya ɗauko ta da hannu biyu tun daga bakin gari, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ko gaisuwar Mme Puleng bai amsa ba don kada ya motsa. Ya iso ƙofar gida lafiya, ya tsaya, ya ɗaga ta a hasken rana yana kallon lakar gindi. Sai na ga wuyan hannunsa ya fara juyawa.

"Baban Seipati!"

Ya yi firgigit ya rungume kwalbar a ƙirji.

"Ba ni ba ne, Maman Seipati. Hannun ne."